Gurbin da Inna Ta Roƙa wa Autanta

Har yau a unguwarmu ta Yindiski akwai masu ɗauka ƙarya nake yi idan na ce ƙanena sojan ruwa ne amma jirgin sama yake tuƙawa. Ban ga laifinsu ba. Mu da ruwanmu bai wuce na rijiya da kududdufin damina ba, ina muka san jirgi mai saukar ungulu yana tashi daga kan jirgin ruwa? Innarmu ba ta taɓa wahalar da kanta kan wannan ba. Abu ɗaya ta sani: idan autanta ya shiga teku wayarsa ba ta shiga, sai a yi makonni ba a ji muryarsa ba. A irin lokacin ba ta cin abinci, jininta ya hau, ni da nake kula da ita in rasa inda zan sa kaina.

Wani zuwa hutu da ya yi, muna tsakar gida ina tsince shinkafa, ya ce ya nemi a mayar da shi makarantarsu ya zama malamin tuƙin jirgi. Inna ta ajiye carbi ta ce to a ba shi mana, me ake jira?

"Inna, ba haka ake yi ba," in ji shi. "Sai an ga akwai gurbi."

Na ce, "Kai kaza ce da za a nema maka gurbi?"

Ya yi dariya, ya ce in bari ya yi bayani. Manyansu kan zauna su duba ɗalibai nawa za a ɗauka, da awa nawa kowanne zai yi a sama kafin a sakar masa jirgi shi kaɗai. Sai su duba awa nawa malami ɗaya zai iya tashi, don akwai iyakar da ba a yarda ya wuce ba, kada gajiya ta sa shi kuskure. A cire ranakun hutu, da na hadari, da waɗanda jirgi yake wurin gyara, a cire mai tafiya kwas da mai yin ritaya. Daga nan ake sanin malamai nawa ake bukata. Idan na makarantar sun isa, shi ke nan, teku zai koma.

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce wato ba ƙwarewarsa ake dubawa ba, 'ya'yan mutane ake ƙirgawa. Ya ce, "Yaya, ƙwarewa sai bayan an ga gurbin."

Daga ranar addu'ar Inna ta sauya. Da can tsari take nema masa, yanzu kuwa in ta idar da salla sai in ji tana cewa Allah Ya yawaita ɗalibai. Duk saurayin da ya shigo gaishe ta, ko mai Keke ne, sai ta tambaye shi me ya hana shi shiga sojan ruwa. Ina dariya, amma tsoro fal cikina, don na ga yadda ta rame a tafiyarsa ta baya, kuma ban ga alamar za ta jure wata ba.

Wata Laraba da rana, ranar kasuwa, gari ya cika da motocin shanu, ƙanena ya kira. Ya ce ɗaliban bana sun fi na bara, wani malami kuma zai tafi kwas, gurbi ya fito, an ba shi. Inna ta yi sujada a kan tabarma. Ranar ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari, ni kuma na zauna bakin murhu na yi kukan da na daɗe ina riƙewa.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini. A wurinmu malami mai allo da alli ne, ƙafarsa a ƙasa, na kuma tabbata haka Inna ta ɗauka. Alhali tashin da zai yi yanzu ya fi na da, kuma da ɗan koyo a gefensa. Na ja masa kunne kada ya kuskura ya faɗa mata. Idan maƙwabta suka zo barka, ni ce mai saurin cewa ai yanzu koyarwa kawai yake yi.

Wata rana na faɗi haka a gaban wata baƙuwa, da ta tafi, Inna ta dube ni.

"Ke, daina wahalar da bakinki," ta ce. "Shekara nawa babanku yana lodin shanu a kasuwa? Kin taɓa ganin direban da ya koya wa yaron mota tuƙi yana tsaye a ƙasa?"

Kunya ta rufe ni. Na ce to ba ta jin tsoro?

"Ina ji mana. Amma sama ta Allah ce, ƙasa ma tasa ce. Ni dai in kira ya ɗauka."

Ta jawo wayarta daga ƙarƙashin matashi ta miƙo mini in danna mata lambarsa. Tana fara ƙara ya ɗaga, ya ce, "Inna, yanzu na sauka."