Aurica da Koren Makin Baba Toader

Shekara ashirin da shida Aurica Moraru ta yi tana aikin kula da tsofaffi a ƙauyuka uku na bayan dutse, inda matasa duk suka tafi Italiya neman aiki, suka bar iyaye da kaji. Ta san wanda ke ɓoye magani a ƙarƙashin matashi, ta san wadda ke cewa ta ƙoshi alhali tukunyarta ta kwana biyu ba ta hau wuta ba. Gajeriyar mace ce mai kaifin baki, idan ta raina mutum fuskarta ba ta rufa mata asiri.

Sai aka kawo musu sabon shugaba, Sorin, ɗan birni mai ƙamshin turare. Ya raba musu kwamfutar hannu. Duk gidan da ka je ka ɗauki hoton ƙofa, ka karanta wa tsoho tambayoyi goma sha biyu, na'ura ta ba shi maki. Kore, lafiya lau. Ja, a kai ɗauki.

"Yanzu daga ofis ina ganin kowa, Anti Aurica," in ji shi.

"Warin ɗakinsu ma yana iso maka, ranka ya daɗe?"

Bai yi dariya ba. Abokin aikinta Nelu kuwa abin ya zo masa daidai. Ya gano cewa daga cikin mota ma hoton ƙofa na ɗaukuwa, amsoshin kuma ya san su da ka. Gida ashirin yake gamawa kafin abincin rana.

Wata Laraba da sanyi ya tsananta, Aurica ta shiga gidan Baba Toader, tsohon makiyayi da matarsa ta rasu bara. Ta same shi zaune bakin gado, ya lulluɓe ƙafafu da bargo. Ta karanta masa tambayoyin kamar mai karanta takardar sammaci.

"Sau nawa kake cin abinci, Baba?"

"Uku. Tuwon masara da cuku, har da ƙari."

"Akwai inda ke maka ciwo?"

"Bakinki kawai ke sa ni ciwon kai, 'yar nan."

Na'ura ta ba shi kore. Aurica ta harare ta, ta kife ta kan tebur. Murhu sanyi ƙalau, ga itace jibge a tsakar gida ba a shigo da ko ɗaya ba. Mutumin da kullum yake tarbarta a bakin ƙofa yau bai miƙe ba. Ta yaye bargon, ta zare masa safa. Yatsu biyu sun yi baƙi, sanyi ya kashe su.

"Kada ki rubuta," ya ce a hankali. "Gidan tsofaffi za su kai ni."

"Asibiti za ka, tsohon banza. Gidanka na nan."

Ba sabis ɗin waya a ƙauyen, sai da ta hau tudun coci cikin dusar ƙanƙara kafin ta samu ta kira motar asibiti. Ta bi shi har birni. Likitoci suka yanke yatsun, ƙafar ta tsira.

Ranar Litinin Sorin ya haska jadawali a bango. Nelu ya cika ɗari bisa ɗari. Aurica ta tsallake gida biyar ranar da ta bi Toader asibiti.

"Toader kore ne, Anti. Ba ya cikin masu gaggawa."

"Gaskiya ne. Yatsun ma kore suka fara yi kafin su yi baƙi."

Aka ba ta takardar gargaɗi. Nelu kuma aka tura shi babban birni ya koya wa wasu sabon tsari. Kallo ɗaya Aurica ta yi wa Nelu ya kama gyara igiyar takalmi.

Ba ta jefar da na'urar ba. Ta sama mata aikin da ba Sorin ya ba ta ba. Kowace Lahadi bayan coci sai ta tsaya a tudun, tsofaffi su yi layi, ta kira musu 'ya'yansu a Italiya su ga juna. A nan 'yar Toader ta ga ubanta yana dogara sanda, ta tambayi me ya faru. Aurica ta karɓe na'urar ta faɗa mata komai, ba ta rage ko kalma ba, har da abin da take tunani game da 'ya'yan da ke aiko riga maimakon su zo. Da bazara 'yar ta dawo gida wurin ubanta, har yau kuma ba ta gaisawa da Aurica.