Hoton Kyale-su da Baba Ɗanlami Ya Ɗauka

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yanzu da safen nan, ina cikin haɗa wa jikokina karin kumallo, waya ta shigo daga Kazaure. Baba Ɗanlami mai hoto ya riga mu gidan gaskiya.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma da na share hawaye, hamdala ce ta fara fita daga bakina. Ya daɗe yana jinya, kuma 'yarsa ta ce cikin sauƙi ya cika, da kalmar shahada a bakinsa. Ga shi Allah Ya sa na riske shi da rai.

Yaran yanzu ba za su san shi ba. Aminin mahaifinmu ne. A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, duk wanda ya ɗinka sabuwar riga sai ya nemi mai hoto, shi kuwa yana zagaya kasuwannin Roni da Gwiwa da Babura a kan babur, kyamara rataye a wuya. In ya biyo ta gidanmu a Roni ba ya zuwa hannu rabbana, ko alewa ce sai ya kawo. Shi ya saya mini takalmin makaranta na farko.

Babanmu Bafillatani ne da ya zauna wuri ɗaya, yana noma da 'yan shanunsa. Duk amincinsu bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Ya ce ba ya so, magana ta ƙare.

Amma yana da kare. Kyale-su sunansa, ja ne, kunne ɗaya gundul. A garke yake kwana, ba ya shiga cikin gida. Ya taɓa tare kura da ta zo ɗaukar ɗan maraƙi, a nan ya bar kunnen. Tun daga ranar Baba ba ya tashi daga kan tuwo sai ya jefa masa loma.

Wata ranar kasuwa Baba Ɗanlami ya ce fim ya ɗan rage masa, bari ya ɗauki karen. Mazauna ƙofar gida suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Mutane ba su gama samun hoto ba, sai kare?"

Baba Ɗanlami ya ce, "Kare ba ya daɗewa kamar mutum. In ba a ɗauka yau ba, sai yaushe?"

Kyale-su kuwa ya ƙi tsayawa, da ya ga kyamara sai haushi. Dole Baba ya tsuguna ya dafa masa wuya yana lallashinsa da Fillanci. Ya ce wa amininsa, "Kai dai ka tsaya a kan karen."

Baba Ɗanlami ya ɗan ja da baya, ya danna.

Da aka wanko hoton, ga kare, ga Baba gaba ɗayansa har da malafa, yana dariya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗanlami, ka ci amanata." Muka ɗauka yaga shi zai yi. Sai ya miƙa wa Inna ya ce ta ajiye.

Ban gama firamare ba Baba ya rasu. Karen ma bai jima ba ya bi. Daga baya wata damina ɗakin Inna ya rushe, hoton ya jiƙe ya lalace.

Sai da ta kai ina tuna muryar Baba, ina tuna tafiyarsa, amma fuskar ta ƙi zuwa. Autanmu Bello, wanda aka bari a goye, bai ma san ta ba. Aure ya kai ni nesa, na kuma ji an ce Baba Ɗanlami ya daɗe da barin sana'a, sai na fid da rai.

Watan jiya na ji jikinsa ya yi tsanani, na kama hanya. Duk tafiyar fargaba nake, kada in tarar ya cika.

Na same shi kwance, idon ya tafi. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Wace ce?"

Na ce, "Baba, Uwani ce, ta gidan Buba na Roni."

Ya ce, "'Yar mai kare!" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Wallahi ban tambaye shi komai ba. Shi da kansa ya ce wa 'yarsa ta janyo akwatin da ke ƙarƙashin gado. Ashe hoton nan na Kyale-su biyu ya wanke, ya riƙe ɗaya.

Ya ce, "Ni ma ba ni da wani hotonsa sai wannan. Na gama kallona. Tafi da shi, Uwani."

Na karɓa na duba. Ga Baba nan, ga dariyar, ga Kyale-su ya karkata kai. A nan na zauna na yi kukan da na daɗe ina bin kaina bashi.

Tun a mota na ɗauke shi da waya na tura wa 'yan uwa a guruf ɗinmu. Bello ya kira ni, ya ce, "Yaya, ashe hancinsa na ɗauko."

Don haka duk mai kare, ko kyanwa, ko ɗan rago da ya shaƙu da shi, ya ɗauke shi hoto, tare da mai kula da shi. Yanzu ba a sayen fim. A bar masu dariya su yi.

Allah Ya jiƙan Baba Ɗanlami, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da amininsa a Aljanna Firdausi. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a, shi da mahaifinmu. Allah Ya kyautata namu ƙarshen.