Ranar da muka yi wa ciwon zuciya sulhu

Shekarun baya, ina shagona a Magariya, mahaifiyata ta bugo waya daga Guci: "Ka zo, yayarka ta taho gida, wai zuciyarta ke ciwo."

Ni da zafin kai, ban tambayi komai ba. Mace mai shekara talatin da 'yan kai ta baro ɗakinta tana maganar zuciya, ai mijinta ne ya ɓata mata rai. Na hau moto, wato babur, duk hanya ina shirya baƙar maganar da zan yaɓa masa.

Na same ta jingine da bango, gumi ya jiƙa kallabinta, ta dafe muƙamuƙi. Ta yi amai, mata sun ba ta ruwan kanwa wai ƙwannafi ne. A zaure kuma kawunmu ya sa an kira mijin.

"Me ka yi mata?"

"Wallahi Kawu, lafiya lau muka rabu da safe."

"Haka kawai mace za ta ce zuciyarta?"

Inna na ta ba ta baki, wai zaman aure sai haƙuri. Da ƙyar Yaya ta ce, "Inna, ba wanda ya yi mini komai. Nan ne, kamar an ɗora mini turmi." Muka ce rufa wa mijinta asiri take. Alhali can baya, lokacin da kawun nan namu ya taɓa dafe ƙirji, nan da nan aka nemo mota. Shi dattijo ne, kuma namiji.

Sai da na kama hannunta na ji shi sanyi ƙalau, leɓɓanta sun sake launi, sannan na ce a bar sulhun nan haka. Muka kai ta wajen majo, malamin asibitin garin. Yana auna tansiyo, wato hawan jini, ya ce, "Asibitin Damagaram, yanzu-yanzu!"

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tafiya ba. Duk ramin da ambilans ta faɗa sai in kai kunne bakin hancinta, in ji ko tana numfashi. Mutumin da na zo zagi yana gefena, hawaye shaɓe-shaɓe, yana ta salati.

Likita ya ce jijiyar zuciya ce ta toshe. Ya ce mata sukan zo a makare, don ana ɗaukar ciwon na tsofaffin maza ne. "To ku me ya tsayar da ku?" Mijin ya sunkuyar da kai ya ce, "Sulhu ake yi mana, likita."

Ta rayu, alhamdulillahi, amma abin da zuciyar ta rasa a wannan yinin bai dawo ba. Ba ta daka, ba ta jan guga, kullum cikin shan magani.

Yanzu mukan yi dariyar sulhun, har da ita. Amma in na tuna ni kaɗai, gabana faɗuwa yake. Ba ta ɓoye ba, ba ta yi kwana-kwana ba. Da bakinta ta faɗa mana, da Hausa, kuma gida cike da Hausawa aka rasa wanda ya ji.