Shekarar da Mai Farautar Dorina Bai Mutu Ba

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Yanzu sai in yi ta neman hulata alhali tana kaina. Amma akwai wani yammaci guda a Bagudo, a shekarar da aka samu 'yancin kai, wanda ba zan manta da shi ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa.

Lokacin ina saurayi, ƙaramin malami a makarantar firamaren garinmu. Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, ba ta zama inda nake. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a Bahindi, can na girma. In ta kama dole ta yi maganata sai ta ce "wancan". Kowa yana cewa kunya ce, al'ada ce, kuma na sani. Amma sani daban, zuciya daban. Sai in shiga gida in tarar tana tsokanar ƙannena tana dariya, da ta hango ni ta tsuke fuska ta shige ɗaki. Wallahi abin yana ci mini rai. Da kakata ta rasu sai na ji ba ni da kowa, ko a can ko a Bagudo. A daidai lokacin aka ba ni gurbin ƙaro karatu a Zariya, na kuwa ƙudurta a raina in na tafi na tafi ke nan, tunda ban ga wanda zai yi kewata ba.

Ana cikin shirin bikin 'yanci, shugaban makarantarmu, wanda bai daɗe da dawowa daga kwalejin horon malamai ba, ya ce mu ma za mu yi wasan kwaikwayo. Bai ƙirƙiro sabo ba. Akwai wani tsohon wasa da samarin bakin kogin Kwara ke yi duk kaka tun zamanin kakanni: labarin saurayin da dorina ta addabi gonakin shinkafar garinsu, ya ɗauki mashi ya shiga jirgi ya kashe ta, amma ta ji masa mugun rauni, aka kawo shi gida ya cika a hannun uwarsa. A dandali ake yinsa, da kiɗa da ihu, 'yan kallo suna can nesa suna cin gyaɗa, ba mai jin abin da 'yan wasa ke faɗi. Wurin mutuwar ma dariya ake yi, don saurayin yakan yi ta shure-shure kamar kazar da aka yanka.

Shugaban ya ce shi ba haka zai yi ba. Ba ganga, ba ihu. A cikin aji guda za a yi, a fitar da bencina a shimfiɗa tabarmi, mutane su zauna a kewaye, mu yi wasa a tsakiyarsu da tufafinmu na kullum, mu yi magana kamar yadda ake yi a tsakar gida. A ranmu mun ce boko ya taɓa kan mutumin nan, amma wa zai faɗa? Ni aka ba saurayin. Uwar kuwa, da yake mace ba ta shiga wasa a lokacin, aka ba wani abokin aikina, ƙato mai gashin baki, aka ɗaura masa zane da kallabi.

Ranar, bayan la'asar, aji ya cika ya batse. Maza gefe guda, mata gefe guda, yara sun maƙale a tagogi. Har da wasu fatake Dandawa da suka ƙetaro daga Dahome cin kasuwa, suka ga taro suka shigo. Ban yi zaton mahaifiyata za ta zo ba, ashe ƙanwata ta matsa mata. Matan suka buɗa mata wuri a gaba, wai uwar malami ce. Ta zauna ta ja mayafi ta kafa idonta a ƙasa.

Da abokina ya shigo yana rangwaɗa, aji ya ɗauki dariya. Wani daga cikin fataken ya ce shi kam ya fasa neman aure a Bagudo, tunda matanmu gashin baki gare su. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Kusancin ne ya kashe ta. Kana jin numfashin ɗan wasa, kana ganin gumi a goshinsa, gefen rigarsa yana shafar gwiwarka, sai ka manta wasa ne. Da na ce wa uwar wasan ta ba ni ruwa kafin in tafi, sai ga wata mata ta miƙo mini moɗa cike da ruwa daga cikin 'yan kallo. Na karɓa na sha, na yi godiya. Da na ɗauki mashi, wani tsohon masunci da ke zaune dab da ƙafata ya kama bakin wandona.

"Kada ka tai, yaro," ya ce a hankali. "Ni na san ƙarshen wagga tahiya."

Na zare ƙafata na nufi ƙofa. Wani ya ce Allah shi kiyaye hanya, ajin duka ya amsa da amin.

Ba a nuna dorina ba. A waje muka tsaya, ana kaɗa ruwa a cikin kwarya, aka yi ƙara guda, sannan shiru. Aka shafa mini jar ƙasa da ruwa a ƙirji, samari suka ɗauko ni a tabarma. Wuri ya yi ƙunci, mutane sun matso sun cinye filin wasan, masu ɗauke da ni suka rasa inda za su sauke ni, suka dire ni inda ƙafarsu ta tsaya. Idona a rufe yake, ban san inda nake ba. Na dai ji abokina ya durƙusa ya cafko kaina da ƙarfi ya fara kukan da aka koya masa. A wani gefen wata mata tana shessheka, kuma nata kukan na gaske ne.

Sai na ji wata murya kusa da kunnena, muryar da na sani amma ban taɓa jinta kusa haka ba.

"Malam, ɗaga. Ba haka a ka riƙon kan mai ciwo ba."

Hannun abokina ya saki. Wani hannun ya shiga ƙarƙashin wuyana, mai kaushi, mai ƙanshin hayaƙin murhu, ya ɗaga kaina ya ɗora a kan cinya. Aka share mini goshi da bakin mayafi. Sannan ta kira sunana. Sunana na yanka, na gaskiya, ba na saurayin wasa ba. Sau ɗaya ta faɗa, ƙasa-ƙasa, ta ce, "Tashi. Ya isa haka nan."

Ina jin shugaban makaranta daga baya yana raɗa mini in ci gaba da mutuwa, saura kaɗan. Ina ruwana da shi? Tunda aka haife ni nake jiran wannan kiran. Na buɗe ido. Fuskarta jiƙe take da hawaye, kuma karon farko ba ta kawar da kai ba. Na tashi zaune.

Nan ne gabana ya faɗi saboda ita. Mace ta kira sunan ɗan fari a bainar jama'a, abin gori ne da za a bi ta da shi har bakin rijiya. Ita ma ta farga, ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai wata tsohuwa, wadda duk gari ke tsoron bakinta, ta gyara zama ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya.

"Mu dai ba mu ji komi ba," in ji ta.

Matan suka sunkuyar da kai, kowace ta shiga gyaran zanenta. Tsohon masuncin nan ya goge ido da bayan hannu ya ce, "Tun ina ƙarami nike ganin wanga yaro shina mutuwa kowace kaka. Bana dai Allah ya tashe shi." Aka yi dariya mai haɗe da hawaye, har fataken suna tafi. Wasa ya ƙare a nan. Shugaban makaranta ya yi kwanaki yana ƙorafin na ɓata masa ƙarshe, daga baya ya ce shi ma nasa idon bai bushe ba.

Ba ta sake kiran sunana ba har ta koma ga Allah, kuma ban taɓa jin mace guda a Bagudo ta yi mata gori ba. Washegari na koma "wancan" kamar da. Ranar tafiyata Zariya na shiga yi mata sallama, na tarar tana daka, ta ba ni baya. Ba ta juyo ba. Sai ta dubi ƙanwata ta ce, "Ki ce ma wancan, in an yi hutu shi zo gida."

Na zo. Kowane hutu na zo, da na gama karatu kuma na dawo gaba ɗaya, a hannuna ta cika. Nakan zauna in tuna yadda na kusa barin garinmu har abada saboda kalma guda da ban ji ba, alhali tana nan a bakinta, kunya ce kawai ta danne ta. Abin da wannan yammacin ya koya mini ke nan: kada ka yanke wa mutum hukunci da shirunsa. Wani yana sonka har cikin ransa, ba shi da hanyar faɗa ne kawai. Ka zauna kusa da shi, ka ba shi lokaci, don ba kowa ke samun sa'ar ji da kunnensa kamar yadda na samu ba.