Kunun da Ya Kwana Uku a Ɗakin Albasa

Wata biyar da kai ni aure garin Giwa Tazo daga Jega, matan gidan mijina ba su daina kirana 'yar birni ba. A ganinsu ban iya komai ba sai shafa hoda. Abin yana ci mini rai, ga ni da zuciya, don haka nake ta neman ranar da zan rufe musu baki. Lokacin muna jihar Sakkwato, ba a yanke Kebbi ba.

Ranar ta zo da kanta. Surukina yakan tara malamai a yi addu'a duk shekara idan an cire albasa, kuma kunun zaƙin surukata, wadda muke kira Inna, shi ne abin da ake zuwa sha. Saura kwana huɗu Inna ta zame a bakin rijiya ta karye a hannu, aka tafi da ita Aliero wurin masu ɗori. Kafin kowa ya yi magana na ce ni zan yi kunun.

Na sha ganin yadda take yi. A jiƙa gero ya kwana, a niƙa da citta da kanumfari da masoro, a raba ƙullun biyu, a sheƙa wa babban kaso tafasasshen ruwa. In ya huce a haɗa da ɗanyen, a zuba garin tsiron shinkafa, wato shinkafar da aka jiƙa ta fara tsirowa aka shanya, ita ke kawo zaƙi ba sukari. Ya kwana ɗaya, da safe a tace. Duk na yi daidai. Sai wayona ya motsa. Na ce in tsiro ke kawo zaƙi, bari in ninka. In kwana ɗaya yana gyara shi, uku ai sai ya fi na Inna. Na ɗaure bakin randar da zane, na tura ta ɗakin ajiyar albasa mai ɗumi, don kada a leƙa mini asiri.

Ranar addu'a da hantsi malamai suka cika zaure, har da na Maiyama. Daidai nan aka sauke Inna, hannu ɗaure da karare. Na ja ta da fara'a ta ga aikina. Ina kwance zanen sai kumfa ta taso tana tsiyaya, wani wari mai hawa kai ya danne na albasar.

Inna ta sunkuya ta shaƙa, ta ɗago ta dube ni.

"Ke ɗiyag ga, kwana nawa yay yi?"

"Uku, Inna."

"Awo. To kunu ya wuce. Haka masu burkutu ka yi can ƙasar Zuru tun kaka da kakanni, tsiro da ɗumi da kwanaki. Ke dai dawa ce ba ki sa ba. Giya kinka dafa ma malamai."

Ni da ban taɓa ganin giya da idona ba! Ga matan gida sun taru a bakin ƙofa, wata har ta fara toshe baki da gefen mayafi. Na san in maganar ta fita, har in tsufa sunana mai giyar malamai, kuma sai ta kai gidanmu a Jega kafin la'asar.

Inna ta juya gare su. "Mi kuka kallo? Ni nac ce mata kwana ukku sa'ad da za a tahi da ni, zahin hannu ya ruɗa ni. Ku kama randag ga ku kai bayan gida."

Ba ta ce mini komai ba kafin ta tafi, ni da ita mun sani. Aka tuntsurar da randar, awaki suka yi ta lasa, ɗaya ta wuni tana tafiya a karkace. Malamai suka sha fura, surukina yana ta ba su haƙuri cewa uwargida ce ta yi kuskure. Shekara talatin ana yabon kununta, ranar ta tsaya aka ce ta ɓata shi.

Na bi ta ɗaki ina kuka don kunya da ƙaunarta. Ta miƙo mini hannun mai lafiya, ta ce, "Share hawaye ki tai ki jiƙa gero. Gobe ina zaune za ki yi, matan gida su sha su ji."