Likitan da Bai Taɓa Warkar da Kowa Ba

Babana ya yi sama da shekara talatin yana aikin likita, ko ciwon kai bai taɓa warkarwa ba. Duk wanda aka tura masa a kan gadon nan mai taya, 'yan uwansa gara su fara kiran dangi a waya. A fim ne, ba shakka. Amma je ka gaya wa mutanen unguwarmu haka, waɗanda har yau in sun hango ni sai su ce, "Ga autar Dakta Sai-Haƙuri can."

Asalinsa mai gyaran agogo ne. Yana da ɗan teburi mai gilashi a bakin wani ƙaramin asibiti, nan yake wuni da tabarau a ƙarshen hanci yana tsintar ƙananan ƙusoshi. Wata rana 'yan fim suka ari barandar asibitin, wanda zai fito a likita kuma ya ƙi zuwa. Daraktan ya leƙo waje yana ta faɗa, idonsa ya sauka a kan Baba. A nan dole in faɗi gaskiya game da fuskar mahaifina. Doguwa ce, kumatun sun zubo, girar ta karkato ta gefe, ko dariya yake yi sai ka ji kamar ka yi masa ta'aziyya.

"Malam, don Allah ɗan miƙe," in ji daraktan. Baba ya miƙe. "Cire tabaran nan a hankali." Ya cire. Daraktan ya dafe ƙirji ya juya wajen mai kyamara ya ce, "Shi ke nan, mara lafiya ya mutu."

Aka sa masa farar riga, aka rataya masa abin sauraron ƙirji a wuya, aka koya masa magana guda: "Mun yi iya ƙoƙarinmu, sai haƙuri." Tun daga ranar bai ƙara buɗe bayan agogo ba, sai namu na bango in ya tsaya.

Kada a raina aikin, don shi bai raina ba. Yana da tsarinsa. Zai buɗe ƙofar ɗakin tiyata, ya fito, ya mayar da ita ya rufe a bayansa, ya dubi ƙasa, ya cire tabarau, ya ja dogon numfashi, sannan ya saki maganar. Kafin ya kai "sai haƙuri" mata sun zube a ƙasa. Ɗakin tiyatar kuwa, na taɓa leƙawa ina ƙarama, ma'ajiyar tsintsiya ce da bokitai. A nan babban likita yake tsayawa cikin zafi, yana riƙe da gefen rigarsa kada ta goga ƙura, har sai an ƙwala masa kira.

Ya sallami attajirai, ya sallami amare, ya sallami iyayen jarumai ba adadi. In wani jarumi ya fara ɗaga kai ana tsakiyar fim mai dogon zango, ba a tsayawa rigima da shi, Baba ake kira. Har ya kai manyan taurari in sun ga ya sauko daga mota da farar rigarsa a leda sai su fara gaishe da darakta da ladabi. Duk da wannan iko, in fim ya ƙare sunansa a can ƙasa yake fitowa, bayan direba da mai dafa abinci, daidai lokacin da kowa ya tashi ya kashe talabijin.

A unguwa ma ya sha girmamawa irin wadda ba a so. Da aka kwantar da maƙwabcinmu a asibiti, matarsa ta aiko da saƙo: a gaishe da Dakta da kyau, amma don Allah ya yi zamansa, sun yafe dubiya. Ya taɓa cire tabarau a cikin bas don ya share gumi, wata tsohuwa da ke fuskantarsa ta rushe da salati ba tare da an gaya mata wanda ya rasu ba. Wasu kuma hoton ƙirjinsu suke kawo masa har gida. Sai ya ɗaga shi wajen taga, sau da yawa a kife, ya ce su koma asibiti. Su fita jikinsu a sanyaye, tun da Dakta ya duba bai ce komai ba.

Mama tela ce, kekenta na falo kusa da taga. Ita ke wanke farar rigar, ta goge, ta rataye a ƙusa bayan ƙofa. Aljihun rigar kaɗai ta sake ɗinka shi ya fi a ƙirga. Duk safiyar da ya ɗauki ledarsa, ba ta ɗago kai daga ɗinki take cewa, "Likita, yau wa za a kashe?"

"Ni ba kashewa nake yi ba, Maman yara, sanarwa nake yi."

"To Allah ya ba da sa'a. A gaishe da marigayin."

Ta kalli duk finafinansa, amma iya wurin da ya fito. Da ya mayar da tabarau sai ta koma kan keke ta ce sauran ba namu ba ne.

Burin Baba a duniya guda ne, kuma duk gidan mun san shi. Yana so sau ɗaya tak ya buɗe ƙofar nan ya ce an yi nasara. Ya roƙi daraktoci har sun gaji da shi. Suka yi masa bayani cewa wanda zai rayu a fim ba ya buƙatar likita, ido kawai yake buɗewa ya kira sunan masoyiyarsa. Baba ya ce ko ma'aikacin jinya ne ai a bar shi ya yi albishir. Suka ce da wannan fuskar?

Sai da furfura ta cinye kansa wani matashin darakta ya ji tausayinsa. Mahaifin jaruma zai shiga tiyata, kuma zai fito da rai. Baba ya dawo gida yana ta haɗa kalmomi, ya zauna ya tashi, ya manta bai cire takalmi ba. Mama ta ture ɗinki gefe ta ce in dai ba so yake ya kunyata ta ba, horo za a yi.

Ƙofar kicin ta zama ta tiyata, ni da Mama muka zama 'yan uwan mara lafiya a kan doguwar kujera. Ita ta kafa dokokin.

"Kada ka rufe ƙofa a bayanka, mai albishir ba ya tuna ƙofa. Kada ka dubi ƙasa, ba abin da ka yar. Ka fara magana tun ƙafarka ba ta gama fitowa ba. Ka kalli mutum cikin ido. Tabaran nan kuma, in ka taɓa shi, ni da kai ne."

Muka yi ta yi har abinci ya kama. A falonmu dai ya fara iyawa, ko kuma mu ne muka gaji.

Ranar ɗauka na bi shi. Ya fito daga ma'ajiyar tsintsiya ya ce, "An yi nasara!" Jarumar ta kurma ihu ta zube a ƙasa tana birgima. Da aka tashe ta ta ba da haƙuri, ta ce ba ta ji abin da ya faɗa ba, fuskarsa ta gani. Aka sake. Hannunsa ya tafi wajen tabarau da kansa. Aka sake, ya rufe ƙofa. Aka ƙwace tabaran gaba ɗaya, abin ya ƙara muni, don yanzu ya yi kama da wanda ya riga ya cire. Da rana ta fara karkata, daraktan mai tausayi ya juya wajen marubuci ya ce, "Kashe tsohon nan kawai mu tashi." Baba ya yi sanarwar mutuwar a ɗauka ɗaya, har ma'aikata suka tafa masa.

Da muka dawo ya rataye rigar da kansa, ya shige ɗaki. Mama ta dube ni, na girgiza kai. Ranar ba ta tsokane shi ba, ni kuma na ji tausayinsa har na kasa cin abinci.

Bayan wannan da 'yan shekaru Mama ta fara ramewa. Mun jima ba mu lura ba, don duk rigar da ta yi mata yawa sai ta hau keke ta rage ta. Amfanin zama tela ke nan. Sai da ta kasa taka keken sannan ta yarda aka kai ta asibiti, na gaske, inda bayan ƙofa akwai fitilu da wuƙaƙe. Aka ce sai an yi tiyata a ciki.

Muka zauna a benci tun safe, ni da Baba. Masu jinyar wasu da suka gane shi suka ja da baya suka bar mana bencin gaba ɗaya. Wajen azahar likitar ta fito. Yarinya ce ba ta fi ni ba, da koren kaya da takalmin roba, ba farar riga, ba tabarau. Ta kai mu ofis, ta zaunar da mu, ta ce sun buɗe sun ga ciwon ya riga ya bazu, sun mayar sun rufe. Ta ce sai dai a rage mata zafi, kuma maganar watanni ce. Ta ce in muna so ita za ta gaya wa Mama in ta farfaɗo.

Baba ya yi godiya. Da muka fito baranda ya tsaya yana kallon bango, can ya ce, "Ko numfashi ba ta ja ba. Ba a koya musu komai a makarantar nan." Ni kuwa kuka nake yi sosai, har da majina.

"Share fuskarki, Auta," ya ce. "Ni zan gaya mata."

"Me za ka ce mata, Baba?"

"An yi nasara."

Na dube shi. Mutumin da kyamara da darakta da dukan ma'aikata suka taru suka kasa fitar da kalmomin nan daga fuskarsa. Na ce, "Baba, kai?" Ya ce in shiga in zauna kusa da ita, in bar masa sauran.

Ɗakin mai gado shida ne, kowane da masu jinya da kwanuka da filas. Mama ta farfaɗo, leɓenta a bushe, tana bin silin da kallo. Na zauna na riƙe hannunta ina addu'ar kada ta dube ni. Sai ƙofa ta buɗe da ƙarfi.

"Maman yara, an yi nasara!" Tun ƙafarsa ɗaya na waje ya fara. Ya bar ƙofar a hangame. Bai dubi ƙasa ba, bai dubi kowa ba sai ita, cikin ido. Hannuwansa biyu a buɗe, nesa da tabarau. Fuskar nan da na sani tun haihuwata ta ɗage, ta yi haske, ban san inda ya kai kumatun ba. "Sun cire shi duka. Likita ta ce hutu kawai ya rage, sai cin abinci. Keke dai ki manta da shi sai kin yi ƙiba."

Wallahi ni da na ji maganar likita da kunnena sai da zuciyata ta ɗauka na ɗan lokaci. Matan da suka tsorata da ganinsa suka shiga yi mana barka daga gado zuwa gado.

Mama ta yi murmushi ta ce, "Alhamdu lillahi. Likita, yau dai ka warkar da mutum ɗaya."

Ya yi dariya, ya gyara mata matashi, ya ɗauki filas ya ce bari ya samo ruwan zafi. Yana fita ta matse hannuna.

"Kin gan shi?" ta ce a hankali. "Ƙofa a buɗe, ido cikin ido, bai taɓa tabarau ba. Duk abin da na koya masa ya yi, bi da bi, bai tsallake ko ɗaya ba." Ta huta kaɗan. "Da gaskiya ce, Auta, tuntuɓe zai yi a bakin ƙofa, ya tsaya yana kuka ya kasa cewa komai. Ni na san kayana."

Na kifa kai a gefen gadon.

"Ke, tashi, kada ki ɓata masa aiki. Shekara talatin yana jiran fitowar nan. In kika gaya masa na gane, ban yafe ba."

Ta ƙara watanni a gida, a kan doguwar kujerar falo. Kullum yana gaya mata ta fara murmurewa, ita kuma tana cewa ai ta ji a jikinta, har tana yi masa lissafin ɗinkunan da za ta ƙarasa. A gidanmu aka yi fim mafi kyau da Baba ya taɓa fitowa a ciki, kuma ko a nan ɗin ba shi ne ya fi iya wasa ba.

Tun bayan rasuwarta bai ƙara karɓar aiki ba. Daraktoci suna kira, ya ce su nemi wani ya kashe musu. Ya sa an fito da tsohon teburinsa mai gilashi an ajiye inda keken yake, yana gyara agogunan da ba wanda ya kawo. Farar rigar na nan a ƙusa, ni ke wanke ta yanzu, ban iya gugarta kamar Mama ba.

Wani lokaci ina shara sai ya ɗago kai daga kan agogo.

"Auta, ranar nan a asibiti. Ta yarda, ko?"

"Ta yarda, Baba."

"Ban taɓa tabarau ba."

"Ba ka taɓa ba, Baba. Ina wurin."