Tanko Yana Cikin Rijiya Har Yau

Ƙarshen damina ne, a shekarar da ruwa ya ɗauke mana tun dawa ba ta gama cika ido ba. Zamanin Turawa ne, ina da shekara tara ko goma, muna zaune a Gubuchi. Abin da na fi tunawa da shekarar nan shi ne shiru. Ba a jin luguden taɓarya da hantsi kamar da, don abin dakan ya yi kaɗan. Mata sun koma tsinkar tafasa da rama, mu yara kuma da an yi gaɗa biyu sai kowa ta zauna, ciki ba nauyi. A cikin wannan hali ne, ranar kasuwar Makarfi, Baba ya dawo da la'asar ya zaro sabon littafi daga aljihun taguwarsa. Inna ta dubi hannunsa, ta leƙa bayansa ko akwai ƙullin hatsi. Akwai, amma ɗan mitsitsi. Ta ce, "Malam, wannan kuma da miyar me za a ci shi?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Baba manomin rake ne, kuma shi ke tsayawa kan wuta in ana dafa mazarƙwaila a fadama. Ina jin hayaƙin nan ne ya fara taɓa masa ƙirji. A soja ya koyo karatun boko, shi ya sa mutanen gari ke ce masa Isiyaku Boko, rabi wasa rabi raini. Akwai wani mai keke da ke kawo ƙananan littattafai Makarfi, na labari da na waƙa, sababbin fitowa, kuma da wuya ya zo Baba bai ɗauko ɗaya ba. Bayan la'asar sai ya shimfiɗa buzu a gindin durumin ƙofar gida, maƙwabta su taru, ni kuma in zauna a gabansa ina ɓarar gyaɗa ko tsince wake. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka "Uwata" yake kirana.

Ba karantawa kawai yake yi ba, shari'a yake yi wa littafi. In waƙa ce, sai ya rera ta yana buga ƙafa, in baiti ya yi tuntuɓe ya tsaya ya ce, "Nan ya yi ɗingishi." Akwai wata waƙa da ta fito tana zuga manoma su ƙara auduga, ya karanta ta har ƙarshe, ya ninke, ya ce, "Amsa-amonsa ba laifi, amma mutumin nan bai taɓa riƙe fartanya ba." Wani littafin labari kuma ya ce mai shi ya kashe mutum uku tun ba a yi nisa ba, ko jana'iza bai tsaya yi musu ba. Na aljannu da 'ya'yan sarakai yana jin daɗinsu, amma yakan ce alewa ce, ba ta riƙe ciki.

Wannan sabon kuwa daban ne. Labarin wani mai haƙar rijiya ne, Tanko, wanda garinsu ya bushe kamar namu. Dattawa suka ce a tashi a bar garin, shi ya ce a ba shi kwana arba'in. Babu aljani a ciki, babu fada. Akwai igiya da guga da mata masu jira da tuluna. Ranar farko da Baba ya rufe shi sai ya ce, "Uwata, yau an rubuta mu." Babi ɗaya yake karantawa a rana, ba ya ƙarawa ko an roƙe shi, wai abu mai daɗi ba a yi masa loma ɗaya. Muka bi Tanko yana haƙa, zurfin gaba ɗaya, gaba biyar, gaba goma sha biyu, har ranar da ya ji ƙasa ta yi sanyi a tafin ƙafarsa, ya ɗaga kai zai yi kira, sai ya ga igiyar na zamewa daga hannun masu riƙe ta. A nan Baba ya sa tsinken rake ya rufe. Wani maƙwabcinmu ya ce, "Haba Boko, a nan za ka bar bawan Allah?" Baba ya ce, "Ya kwana a ciki, gobe ma fito da shi."

Gobe ba ta zo ba. Tarin ya kwantar da shi, ya fara fitar da jini, aka yi jiƙo da rubutu iya yi. Kwana goma sha ɗaya ya yi. Sau ɗaya na kai masa littafin har shimfiɗa, ya riƙe, ya kai kusa da ido, sai ya miƙo mini ya ce, "Ajiye, Uwata, sai na tashi."

Bayan sadakar arba'in, yayan Baba, Baffa Sule, ya buɗe akwatinsa. Duk takardar da ke da harafin Larabci, har waƙoƙin ajami, ya sumbata ya sa a gafaka ya kai masallaci. Na boko kuwa ya ture su da bayan hannu ya ce wa Inna, "Waɗannan takardun Nasara ne, ba gado ba ne. Ki yi abin da kika ga dama." Inna tana takaba, ba fita, ga mu mu huɗu, ga rumbu ana jin ƙasansa. Sai ta fara sayar da gishiri da dakakken barkono a cikin gida, takarda kuma ta fi ganye riƙe barkono. Ban taɓa ganin laifinta ba. Ina kallo waƙar auduga ta tafi, 'ya'yan sarakai suka bi ta.

Ranar da na ga an cire bangon littafin Tanko, tsinken raken ya faɗi ƙasa, na san saura shi. Inna ta shiga wanka, na ɗauke shi na zaga bayan rumbu. Duka ba zai ɗauku ba, za ta nema. Ƙarshen kawai nake so, inda aka fito da shi ko ba a fito da shi ba. Na riƙe littafin yadda na ga malaminmu na allo yana riƙe Alƙur'ani, na lalubo inda yake ƙarewa, na yage falle takwas. Na naɗe su a tsumma na cusa a cikin tsohon tulu. Ranar aurena a ƙasan kwallata suka bi ni Paki.

Shekara ashirin da wani abu suna nan. Ina da 'ya'ya biyar aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a zauren mai unguwa, maigidana ya bar ni na shiga. Ba ni da saurin kai, amma ina da haƙuri. Ban gaya wa kowa abin da ya kawo ni ba. Da na ga ina iya haɗa layi ba tare da yatsa ya tsaya ba, wata rana da azahar na kwance tsumman. Takardun sun yi ja, har yanzu da ɗan ƙamshin barkono. Na fara karantawa a hankali, sai na ji garin ya bushe, dattawa sun taru, Tanko ya miƙe yana neman kwana arba'in. Na juya fallen ƙarshe, ko gaba uku bai haƙa ba.

Farkon na yaga. Boko ta hagu yake buɗewa, ni kuwa kullum a gaban Baba nake zama, ban taɓa tsayawa a bayansa na ga ta inda yake farawa ba. Ƙarshen ya tafi gidan wani da barkonon kwabo a ciki. Ban yi kuka sosai ba, na dai daɗe zaune har tuwo ya kama.

Na sa an tambaya mini a Makarfi da Kudan, har Zariya, amma ban san sunan littafin ba, ban san mai shi ba, kuma ba wanda ya gane labarin. Yanzu littattafai sun yi yawa, 'yata takan kawo mini sababbi, na labari da na waƙa, in karanta in yi musu shari'a kamar Baba. Wasu suna da daɗi, wasu alewa ce. Sai dai ba a taruwa a gindin itace a jira babi, kowa da nasa a ɗaki. 'Ya'yana suna mini dariya don kowane littafi ƙarshensa nake fara dubawa. Ban iya barin mutum a rami ya kwana ba.

Washegarin ranar da na kwance tsumman, da safe bayan an sha koko, na shimfiɗa tabarma na kira yaran. Suka zo za su zauna a gabana. Na ce a'a, su zagayo ta bayana, su leƙo ta kafaɗata. Na ɗora yatsa a kan fallen farko na ce, "Ku duba da kyau, ta nan ake buɗewa."